Kuzar da Na Ɗebo a Bakin Teku

Ko zan kai shekara ɗari da ashirin, haƙora su zube, in riƙa kiran jikokina da sunayen awaki, Larabar da na kusa zama attajirin Doguwa ba za ta fita daga kaina ba. Ku sababbin yaran mota na tashar Kwanar Dangora da kuke ta tambayar dalilin da ya sa ake ce mini Alhaji Kuza, ga amsarku a rubuce. Na gaji da yadda kowa yake ƙara wa labarin gishiri. In ma za a ƙara, ni ne mai haƙƙin ƙarawa.

Sunana Nura, shekarata sha bakwai, daga wajen Riruwai nake. Ina aikin karen mota a babbar motar Oga Isuhu. Ga wanda bai sani ba, karen mota shi ne yake ɗaure tamfol, ya duba ruwa da baƙin mai, ya wanke gilashi, ya yi gadin kaya, kuma in mota ta tsaya a gangare ya diro da gudu ya sa wa taya waigi, wato guntun katakon da ke hana ta zamewa. In ya yi haƙuri, wata rana direba ya ɗora shi a kan sitiyari. Wannan ranar ce kowane yaron mota yake rayuwa dominta.

Oga Isuhu mutum ne mai doka ɗaya tal, amma dokar ta fi dutsen niƙa nauyi: ko allura ba ta hawa motarsa sai ya san da ita. Yaron da na gada, zakaru biyu kawai ya ɓoye a bayan kujera, aka sauke shi a Tudun Wada shi da zakarun. Ni kuwa na yi shekara guda ban karya dokar ba, har ranar da za mu tashi wannan tafiyar Oga ya ce da ni, "In muka dawo lafiya, zan kai ka filin ƙwallo ka fara riƙe sitiyari." Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don murna. Sau biyu kawai na ƙara.

Bayan Babbar Sallah ne muka yi lodin albasa da wake zuwa Limbe, wani gari a bakin teku a ƙasar Kamaru, da niyyar mu dawo da jarkokin manja. Kwana takwas muka yi a hanya. Ba zan ba ku labarin hanyar ba, don duwawuna har yanzu ba su yafe mini ba.

Da muka gangaro garin na ga teku, sai na yi shiru, abin da ban saba ba. Ni da nake cika baki cewa na yi iyo a madatsar ruwan Tiga, ashe Tiga kwatarniya ce. A bayan garin kuma ga wani dutse, ƙafarsa a cikin gonaki, kansa a cikin gajimare. Duwatsunmu na Doguwa in aka jera su kusa da shi sai a ce jikokinsa ne suka zo gaisuwa. Can tsallaken ruwa, in gari ya washe, kana hango wani irinsa a tsakiyar teku, su biyun suna kallon juna kamar 'yan dambe.

Mai masaukinmu shi ne Baba Ɗanladi, dillalin albasa, mutumin Tudun Wada da ya zo garin tun yana saurayi, ya yi furfura a can. Muna shiga harabar gidansa Oga ya kashe mota, sai Baba ya ce, "A'a, Isuhu, ka manta? Juya ta, hancinta ya dubi ƙofa."

Na duba, sai na ga duk motocin unguwar haka suke, har babura, kowa hancinsa waje. Na durƙusa na gaida Baba, ban ma bari ya gama amsawa ba na ce, "Baba, me ya sa?"

"Saboda maƙwabcinmu," ya ce, ya nuna dutsen da haɓarsa.

"Wai da gaske ne aman wuta yake yi?"

"In ya ga dama."

"Wancan na cikin ruwa fa?"

"Shi ma danginsa ne. Wannan kuma ba baki ɗaya gare shi ba, ƙananan bakuna ne birjik a jikinsa."

Na ce, "To Baba, wuta a baya, wuta a gaba, ruwa a tsakiya, me kuke jira a nan?"

Jikarsa Hajara, sa'ata, wadda ta kawo mana ruwa, ta ce, "Muna jiran baƙi masu tambaya ne." Hausarta wata iri ce, kamar an wanke ta da ruwan gishiri, amma tsiwarta ta Kano ce tsantsa.

Washegari Baba ya goya ni a babur ya kai ni wajen gari, ya nuna mini inda titi ya yi kwana ba gaira ba dalili. A gefen kwanar ga wani tulin baƙin dutse mai ƙaiƙayi, tsayinsa ya fi gidan sama, ya taho tun daga can sama kamar an zubo shi. Ya ce tun kafin a haife ni dutsen ya buɗe baki, wutar ta gangaro a hankali kamar talge mai kauri, ta cinye gonakin kwakwar manja, ta zo ta kwanta a kan titi ta huce.

"Mutane suka gudu?"

"Na kusa suka kwashe kayansu. Na nesa suka zo kallo. Da ta huce, masu titi suka kewaye ta, aka ci gaba da wucewa."

Na taɓa dutsen da ɗan yatsa ɗaya, da shirin gudu. Sanyi ƙalau. Har ciyawa ta fara tsirowa a jikinsa. Baba ya ce nan da wasu shekaru shi ne zai zama ƙasar noma, irin wadda in ka soka sandar rogo ka je sallah, kafin ka dawo ta yi ganye. Na san ya ɗan ƙara, don na san aikina in na gan shi a bakin wani, amma ayabar garin kam ko wacce ta kai damtsena.

A gidan kuma na lura da wasu abubuwa. Ba sa ɗora komai mai nauyi a saman kabad. Akwai jaka guda a rataye a bakin ƙofa, takardun gidan duka suna ciki. Takalma kuwa a jere suke, su ma hancinsu waje.

A rana ta uku, muna jiran manja ya haɗu, na sauka bakin teku da kwanon abincina don in wanke shi. Nan ne shaiɗan ya same ni. Yashin bakin tekun baƙi ne. Baƙi ƙirin, yana ƙyalli a rana, daga inda nake tsaye har inda idona ya ƙare.

Sai kun san inda na fito za ku gane abin da ya faru a ƙirjina. A wajenmu akwai tsofaffin ramukan haƙar kuza, wato baƙin yashi mai nauyi da ake narkawa a sami ƙarfen dalma. Kakata Iya Abu tun tana budurwa take wankin kuza a rafi. Za ta ɗebo ƙasa a faranti, ta riƙa juya shi cikin ruwa, farin yashi ya tafi, baƙin ya kwanta a ƙasa. Wuni guda cur, abin da za ta samu bai cika gwangwanin madara ba. Ni ne nake taya ta, kuma hannuna ya iya juyin. Sai dai da zarar baƙin ya kwanta, nakan ajiye mata farantin in ruga ƙwallo. Na san tana shanya shi, kuma tana yin wani abu da wani ƙullin tsumma, amma ban taɓa tsayawa na ga ko mene ne ba.

Na cika kwanona da yashin, na shiga ruwa zuwa gwiwa, na juya kamar yadda Iya take yi. Baƙi ya kwanta a gindin kwano, mai nauyi, kusan rabi. Na dubi masunta suna jan jirginsu a kai, yara suna ƙwallo a kai, wata akuya ma tana abin da akuya take yi a kai. Na ce a raina, Allah sarki, bayin Allah, suna kwana a kan dukiya suna cin rogo. Kafin in fito daga ruwan na riga na gina wa Iya gidan bene, na kai ta Makka sau uku, na sayi mota goma na ɗauki Oga Isuhu aiki.

Dokar allura ta faɗo mini a rai, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce in mun isa gida ya ga abin da na kawo, da kansa zai riƙe mini jaka.

Oga yana barci kullum bayan Azahar, barcin da ko tayar mota ce ta fashe ba ya motsi. Lokacin na zaɓa. Tafiyar farko da buhun albasa na je, na manta raga ne. Na iso gida da buhu wayam, ga baƙin layi tun daga teku har ƙofar Baba, sai da na bi shi ina sharewa da ƙafa. Daga nan na koma buhunan wake. Rabin buhu kawai nake iya ɗauka, shi ma sai wuyana ya shige cikin ƙirjina. Cikin yini uku na tara shida, na jera su a gaban bodin motar ta hagu, na lulluɓe da tsohon tamfol.

Hajara ta gan ni a tafiya ta huɗu. "Kai Bakano, gini za ka yi?"

"Sirri ne."

"Sirrin da yake sa mutum tafiya kamar agwagwa?"

Na ce mata ta ci gaba da dariya, wata rana za ta ba 'ya'yanta labarin ta taɓa ba ni ruwa.

Ranar Laraba da hantsi, ranar da za a yi mana lodi, muna zaune a tsakar gida muna shan shayi. Sai na ga shayin da ke kofina yana rawa shi kaɗai. Awaki suka miƙe. Kwanon rufi ya fara kakkarwa, ƙasa ta yi wani gurnani a ƙarƙashin tabarma kamar cikin mai yunwa. Baba ya ce, "Waje," da irin muryar da ake cewa a miƙo gishiri.

Abin da na gani cikin wannan ɗan lokacin har yau yana ba ni mamaki. Ba wanda ya yi ihu. Matan gidan kowacce ta sungumi yaron da ya fi kusa da ita, nata ko ba nata ba. Hajara ta zare jakar bakin ƙofa. Baba ya ɗauki rediyonsa. Oga ya damƙi makullin mota. Duk suka taka zuwa tsakiyar fili, nesa da bango, suka juya suna kallon dutse.

Ni kuwa a raina ƙasa ta riga ta tsage, wuta ta taho, teku ya miƙe tsaye. Ban san lokacin da na haye bodi ba. Na yaye tamfol, na faɗa kan buhunan na rungume su, na kwarara ihun da na tabbata an ji shi har Kwanar Dangora: "Wayyo Allah kuzata! Kuzata!"

Kafin a karanta Fatiha a ƙare, girgizar ta tsaya. Awaki suka koma kwance. Na ɗaga kai, sai na ga unguwa guda ta daina kallon dutse, ni take kallo.

Oga ya tako har gindin mota. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

"Nura."

"Na'am, Oga."

"Sauko. Kai da abin da ka kwanta a kai."

Na sauke buhu shida ɗaya bayan ɗaya, na durƙusa kusa da su. Oga ya kwance bakin guda, ya duba, ya dube ni. Na ce tunda asiri ya tonu gara in faɗi gaskiya da ƙarfinta. Na yi bayani tun daga farantin Iya Abu har mota goma, sai dai na cire wurin da na ɗauke shi aiki.

Baba Ɗanladi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan Riruwai ne kai? Ni ma na yi wankin kuza can kafin in taho. Hajara, ɗauko mini mataccen rediyon nan na ƙarƙashin gado."

Ta kawo. Ya ɓalle bayansa, ya ciro maganaɗisun da ke manne a sifika, ya naɗe shi a ƙyalle, ya tsoma cikin buhun. Da ya ɗago, yashin ya manne masa tsaye cirko-cirko, kamar gashin yaron da ya gudu daga wanzami.

Na ce, "Kun gani ko! Har ƙarfe ya san ta!"

"Yaro," in ji Baba, "kuza ba ta bin maganaɗisu. In an shanya ta, ana bi da shi a kai ne don ya kwashe dattin. Abin da ya manne, shi ake zubarwa. Wannan garin dutsen can ne, ruwa ya niƙa shi ya kawo bakin teku. Buhu shida ka tara na abin da kakarka take watsa wa bayan gida."

Ƙullin tsumman Iya ya faɗo mini a rai. Ashe maganaɗisu ne a ciki. Shekara nawa ina ganin sa a hannunta, ni ina ɗaure igiyar takalmin ƙwallo.

Hajara ta zauna a ƙasa don dariya. "Alhaji Kuza," ta ce, "a tuna da mu in an shiga gidan bene." Daga bakinta sunan ya fito, Oga kuma ya ɗauko shi har Kano ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

Amma a lokacin Oga ba dariya yake ba. Ya ce, "Ka san abin da ka yi? Ka jibge mini nauyi a gefe ɗaya, a hanyar da rabinta hawa ne da kwana. In aka ɗora mu a sikeli, lissafina ya tashi ban san dalili ba. In aka yaye tamfol a kan iyaka aka ce mene ne wannan, in ce ban sani ba? Motar mutane da manjan mutane su kwana wata guda a can. Kuma ka gode wa Allah da ba kuzar ba ce. Da ita ce, ba takarda, da a gidan yari za mu yi azumin baɗi."

Ban taɓa tunanin haka ba. In ƙarya ce na yi asara, in gaskiya ce na ɗaure mu.

"Mayar da shi inda ka ɗebo," ya ce. "Maganar aikinka kuma sai mun isa Kwanar Dangora."

Na mayar da su da rana tsaka, yaran unguwa suna bi na a baya suna waƙa da yarensu. Ban san me suke cewa ba, amma na san ba yabo ba ne. A buhu na ƙarshe Baba ya rako ni. Da na juye shi, muka tsaya muna kallon dutsen, ya yi lamo kamar ba shi ya yi ba.

Na ce, "Baba, ku ba ku ji tsoro ba ɗazu?"

"Wannan ai gaisuwa ce."

"Yaya kuke bambance gaisuwa da faɗa?"

"In faɗa ne ba sau ɗaya yake yi ba. Zai yi ta yi, kwana da kwanaki, yana ƙara ƙarfi. Dabbobi su ƙi kwanciya. Akwai masu na'ura da suke sauraron cikinsa, sai a faɗa a rediyo. Duk da haka ba wanda ya san ranar, sai Allah. Mu dai mun san inda takalmanmu suke."

Ya miƙo mini maganaɗisun da gashinsa, ya ce in kai wa Iya tsaraba.

Kwana takwas na dawowa, kalma biyu kawai Oga ya yi mini: "waigi" da "ruwa". Ban taɓa sa waigi da sauri irin na wannan tafiyar ba. Wani lokacin kafin mota ta tsaya na riga na diro. Duk garin da muka wuce sai in duba ko nan ne za a sauke ni kamar mai zakaru.

Da muka shigo Kwanar Dangora aka sauke manja, na wanke motar har ƙarƙashinta, na zo na tsaya da 'yar jakata. Oga yana kan benci wurin mai shayi, ya bar ni a tsaye har ya shanye kofi guda.

"Wanda ka gada," ya ce, "da na kama shi da zakaru, rantsuwa ya yi bai san yadda suka hau ba. Kai kuwa da bakinka ka yi shela a gaban unguwa guda, ka kuma faɗi komai. Ajiye jakar. Amma sitiyari sai bayan kaka. Kafin nan ka je wurin kakarka ka zauna ta yi wankin nan tun daga fari har ƙarshe. Yaron da yake tashi kafin a gama nuna masa abu, ba zan koya masa tayar da mota ba, don zai ruga kafin a zo kan birki."

Na je. Na ba Iya Abu maganaɗisun, na ba ta labarin. Ta ɗan murza yashin da ke jikinsa a tafin hannu, ko tsummanta ba ta ɗauko ba, ta ce, "Wannan ka ɗauko a ka sau shida?" Na ce har da mayarwa sha biyu. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi, sannan ta sa na zauna wuni guda a bakin rafi, ina jin ihun 'yan ƙwallo daga nesa, har ta shanya, ta bi da tsumma, ta busa, ta ƙulle. Maganaɗisun kuma ta ce in riƙe, nata ya fi shi.

Abin da na koya ke nan, ku yaran mota. Dokokin direba da suke kama da mugunta, kowacce akwai wani gangare a bayanta da kai ba ka gani ba tukuna, kamar yadda mutanen can suke juya hancin mota waje ranar da ba abin da ya faru. Kuma aikin nan namu, abin da yake hana mutum kunya yakan zo ne a ƙarshen bayani, daidai lokacin da ƙafa take ƙaiƙayin tashi.

An gama kaka, na fara riƙe sitiyari a filin ƙwallo, kuma turken raga ɗaya kawai na kayar. Maganaɗisun yana nan manne a gaban motar, da gashinsa tsaye. Duk sanda Oga yake nuna mini wani abu na yi wuf na ce, "Na gane, Oga, na gane!" ɗan yatsa kawai yake miƙawa ya ƙwanƙwasa shi sau biyu, sai in gyara zama.